Darar Ƙafa da Gidan Zauna

Zuwa ga 'yata Sumayya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya kai ku Yanbu lafiya, ke da maigidanki da Takwarata. Ya tsare ku a hanya, Ya sa ku shiga sabon gida da ƙafar dama, Ya haɗa ku da maƙwabta masu tsoron Allah. Za ki tarar da wannan takarda a aljihun jakar hannunki, kusa da kwalbar humrar da na haɗa miki. Na san karatun Hausa yana yi miki nauyi, Larabci ya fi zama a bakinki, amma ki daure ki bi ta a hankali. Abin da zan faɗa ba zai fito min da Larabci ba, kuma ido da ido ba zan iya ba.

Da shekaranjiya na rubuta ta, da hawaye ya ɓata rabin tawadar. Yau kuwa hankalina a kwance yake, sai dai maganar tana nan, dole in sauke ta.

Ranar Talata kina ɗaure kwalaye a falo, Takwara tana zagaya su da gudu tana waƙarta, sai na ji kin ce, "Ke, zauna! Akwai mutane a ƙasa." Komai da Larabci kike yi mata, amma wannan kalmar da Hausa ta fito, da muryata sak, har yadda nake jan ƙarshenta. Yarinyar ta tsaya cak, ta naɗe ƙafa a gefen kwali. Bayan haka kika gaya min cewa gidan Yanbu a hawa na uku yake, kuma makaranta ba za ta ɗauke ta ba sai an gama mayar da takardunku wajen sabon kafili, wato ubangidan da zamanku a ƙasar yake hannunsa, watakila sai baɗi. Kika ce ba komai, za ki koyar da ita a gida kamar yadda ni Umminku na yi muku. Kina faɗa kina murmushi. Tsorona ɗaya ne, kada ki kulle yarinyar nan a ɗaki ki yi wa ƙafarta abin da na yi wa taki.

Kin taso kina jin cewa ɗan gwamen da ke ƙafarki ta hagu gado ne daga dangin babanki. Ni na gaya miki haka, ni na gaya wa duk matar da ta tambaya a gidan biki. Ƙarya ce. Kakarki ta wajen uba, Allah Ya ji ƙanta, da ƙafarta miƙaƙƙiya ta koma ga Mahaliccinta. Fiye da shekara ashirin babanki yana jina ina laƙa wa mahaifiyarsa abin da ba ta da shi, bai taɓa tona ni ba, iyakarsa ya yi gyaran murya ya tashi neman buta. Ni na jawo miki wannan ƙafar, kuma da bakina na jawo ta.

Kina shekara uku, yayanki yana shida, kafilin babanku ya rasu. Magada suka rufe siton da babanku yake aiki, iƙamarsa ta mutu a hannunsa, tamu da ke ƙarƙashin tasa ta bi ta. Shekara uku muka yi a haka. Yana fita aikin lodi a Khumra, yau a samu gobe a rasa, ni ina gida da ku a ɗakuna biyun nan namu na unguwar Ruwais a nan Jidda, hawa na ƙarshe. Larabawa suna cewa iƙama, mu a gida muna cewa takardar zama. To da zama ya gagare mu a takarda, sai na ɗora muku shi a jiki.

A ƙasanmu akwai Ummu Faisal, kin tuna ta, tsohuwar nan mai sanda. A lokacin ban san ta ba, abin da na sani kawai ba ta murmushi a kan matakala. Ni kaɗai na zauna na yanke cewa ranar da ta ji ƙarar ƙafa a samanta, ranar za ta kai ƙararmu a kwashe mu. Ba wanda ya gaya min haka. Na shimfiɗa barguna a ƙasa, na sa muku safa a cikin zafin Jidda, na ɓoye ƙwallon yayanki a saman kabad, na ja labule na ɗame shi da ƙusa. Daga asuba zuwa isha kalma ɗaya ce a bakina. Ko ku yi dariya mai ƙarfi, sai na nuna ƙasa da yatsa.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma daga shi sauran suka fito. Don haka ki ji ni: duk abin da kike tsoro a sabon wuri, ki tashi ki je ki tabbatar da shi da idonki kafin ki hana yarinya wani abu a kansa. Ni ko ba komai ina da abin fakewa, ba mu da takarda. Ke taku tana nan da ranta, hannu kawai take sauyawa. Ba ki da uzurin da na yi amfani da shi, kuma ni ɗin ma bai wanke ni ba.

Tunda babu makarantar da za ta karɓe ku, na zama malamarku. Ga allo, ga littattafan da babanku yake samowa wajen abokan aiki waɗanda 'ya'yansu suka wuce aji. Nan na yi kuskure na biyu, na ɗauka karatu a zaune kaɗai yake shiga. Yayanki bai taɓa yarda da ni ba. Da na juya baya zuwa kicin, ya zare sakata ya fita matakala, ya hau ya sauka, ya hau ya sauka, har in kamo shi da silifas. Na kira shi mai kunnen ƙashi, na kai ƙararsa wajen babansa ba sau ɗaya ba. Ke kuwa in na ce zauna, kin zauna ke nan har azahar, a kusurwar nan ta bayan ƙofa, da allonki a cinya. Ina shafa kanki ina cewa 'yar albarka, ina ba ki biskit shi ina hana shi. Wanda ya ƙi jin maganata ya tsira da ƙafarsa. Ke da kika bi ni, ke kika kwana a ciki.

Shirun yaro ba shi ne tarbiyya ba, Sumayya. In kika ga 'yar shekara biyar ta yi awa guda a wuri ɗaya ba ta mutsu-mutsu, kada ki yi alfahari, ki taɓa jikinta ki ji ko lafiya. Takwara ta ɗauko halinki, ba na kawunta ba. Ita ma in aka ce ta zauna za ta zauna, shi ya sa na fi jin tsoro a kanta.

Alamu sun zo, ni ce na ƙi gani. Kina gab da shekara shida kina cewa in goya ki daga ɗaki zuwa banɗaki, ina cewa shagwaɓa ce. Tafiyarki ta koma ta rangaji, na ce yanga ce irin ta 'yan mata. Sai ranar wata ƙaramar Sallah babanku ya ce yau kam ko me za a yi sai mun je bakin teku. Yara suna ta guje-guje a kan yashi, yayanki ya ɓace a cikinsu. Kika ɗaga ƙafa kika bi su taku kaɗan, kika zube, kika ce, "Ummi, ƙafata ta gaji." Babanki ya durƙusa ya ɗaga rigarki zuwa gwiwa. A hasken waje muka ga abin da duhun ɗaki ya ɓoye min, gwiwoyinki sun haɗe, sawun sun ware. Ya dube ni kawai. Da ya yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Washegari muka kai ki wani ƙaramin asibiti, wajen wata likita 'yar Sudan kamarmu. Ta matsa wuyan hannunki, ta sa kika yi tafiya zuwa bango, ta sa aka ɗauki hoton ƙashi. Sannan ta ce min, "Ya Hajja, yaushe rabon yarinyar nan da rana?"

Na yi dariya, na zaci wasa take yi. Rana a Jidda? Sai na fara tunani da gaske, dariyar ta tsaya.

Ta ce, "Duk garin nan gudun rana ake yi, ke kuma 'yarki yunwar rana take ji. Ƙashinta ya yi laushi. Ga magani na ɗigawa, a ba ta madara da ƙwai, a fitar da ita hantsi kullum, kuma ta motsa. Ku dawo bayan wata shida. In bai fara miƙewa ba, sai likitan ƙashi, ko takalmin ƙarfe ko abin da ya fi shi."

In yaro ya yi kukan jikinsa sau biyu sau uku a wuri ɗaya, ki yarda da shi. Gara likita ya yi miki dariya ya ce ba komai.

Za ki zaci daga nan na yi hankali. Ina! Na ɗauke ki zuwa saman bene, wanda ku kuke ce wa sutuhu, wurin da a shekara uku ban taɓa kai ku ba sai dai in hau ni kaɗai in yi shanya. Na tsayar da ke a rana na ce, "Yi tsalle ashirin." Kika kalle ni ido fal hawaye kika ce, "Ummi, ba mamnu'u ba ne?" Na ce yanzu ba a hana ba, yi. Kika lallaɓa inuwar tankin ruwa kika naɗe ƙafa. Yadda na saba daka tsawar zauna, haka na koma daka tsawar tashi, murya ɗaya, fuska ɗaya. Mako biyu muka yi ina ihu kina kuka, kwanakin likita suna tafiya.

Babanki ne ya warware mana, shi da ba ya yawan magana. Kin san shi da abokan aikinsa da dara a Khumra, in an tashi hutun azahar sai su zana gidaje a bayan kwali, wannan da ƙwallon dabino, wancan da marfin kwalba. Ya lura in yana yi da yayanki a gida, ke ce mai matsa masa 'ya'yan, kuma a nan kaɗai yake jin dariyarki. Wata Alhamis ya dawo da tsohon tamfol shuɗi da aka yar a sito, da ragowar fenti a gwangwanaye. Juma'a da sassafe ya shimfiɗa shi a sama, ya zana hanya mai gidaje talatin tana lanƙwasa kamar ta ludo, kowane gida ya isa ƙafa biyu su tsaya. Ya samo kwalin shayi, ya cusa masa tsumma, ya yi masa ɗigo ɗaya zuwa shida a gefunansa. Ya kira ku ya ce, "Yau babu ƙwallon dabino. Ku ne 'ya'yan darar."

Kika ce, "Wa zai matsa mu?"

Ya ce, "Ƙafarku. Yalla, jefa kwalin."

Kika jefa, huɗu ta fito. Ina tsaye da kwandon wanki na ga kin yi tsalle huɗu, ƙanana, kina tangaɗi, ba wanda ya ce ki yi. Daga ranar sunanta ya zama darar ƙafa.

Kowane gida da aikinsa, kin fi ni tunawa. Wanda ya faɗa Khumra ya ɗauki ƙaramin buhun shinkafa a ka ya kai tanki ya dawo. Wanda ya faɗa Tashar Jirgi ya bi ta ƙarƙashin igiyar shanya da rarrafe. Akwai gidan kwaɗo, akwai na agwagwa. Langa ni na kawo ta, don da ita na girma a bakin kogi a Mai Wurno can Sudan, mu riƙe ƙafa ɗaya mu yini muna ture juna. Ki duba fa, ni da na sha gudu har iyayena suka gaji da kirana, ni ce na hana nawa. Sannan ga gidaje biyun nan kore da yayanki ya ce a yi, tsakaninsu sai da sassarfa, kamar tsakanin korayen fitilu a Safa da Marwa. Babanku ya tsokane mu ya ce ai a can maza ne kawai ke sassarfa. Na ce masa wadda ta fara gudun nan uwa ce mai neman wa ɗanta ruwa, don haka a kan tamfol ɗin nan mata ma za su yi. Ya ɗaga hannu ya ce ya sallama.

Abin da na koya a nan, yaro ba motsi yake ƙi ba, umarni yake ƙi. Tsalle ashirin da na nema da tsawa ban samu ba, kwalin shayi ya samu ninkinsa kafin rana ta yi zafi. In kika je Yanbu kika tarar ba a hawa saman benenku, kada ki ce shi ke nan. Tayil ɗin falo ma gidaje ne, alli ko tef ya ishe ki. Amma hantsi dole ne, ko a farfajiya, ko a bakin teku, ko a gaban tagar da aka buɗe ta gaba ɗaya. Kada ki dogara da hasken da ya ratso ta gilashi, likitar ta ce wannan ba ya aikin.

Gida ɗaya ya rage babu komai a cikinsa, na goma sha bakwai. Babanki ya miƙa miki burushi ya ce ke za ki yanke abin da za a yi a nan. Kika tsoma a baƙin fenti kika shafe shi duka. Kika ce, "Wanda ya faɗa nan ya zauna. Kada ya motsa, kada ya yi magana, sai kowa ya yi jifa biyu." Kika ɗan yi tunani kika ƙara, "Gidan Ummi ne."

Yayanki ya fashe da dariya. Babanki ya sunkuyar da kai yana goge hannu. Ni na zagaya bayan tanki kamar zan duba shanya, na daɗe a can. Ba da mugunta kika faɗa ba, abin da kika san ni da shi kika faɗa. Kuma duk gidajen nan talatin babu wanda kuke tsoro kamarsa. Kun gwammace ku ɗauki buhun shinkafa sau uku da ku faɗa gidana.

Na so in ɓata wasan ma, kin san halina. Da na ga kuna sonsa sai malamar cikina ta motsa. Na bi gidajen ina liƙa takardu, nan lissafi, nan hadda, nan harafi, har ya zama ba a tsalle ɗaya sai an amsa tambaya. Kwana uku yayanki ya ajiye kwalin ya ce, "Halas, shi ke nan, wannan makaranta ce, ni ban yi." Kika bi bayansa. Dole na ciccire, na bar ɗaya a cikin huɗu. A haka karatun ya fi shiga. Ƙidaya a kan tamfol kika iya ta, kuma 'yar Hausar da ta rage a bakinki, rarrafe, durƙusa, tsallake, juya, duk daga can ne, don doka ce ba a kiran aikin gida da Larabci. Ki sa wa Takwara karatu a ciki, amma kamar gishiri a miya. In ta gane dabara ce, kin rasa duka biyun.

Wata safiya muna tsakiyar wasa na ji sanda tana bugun matakala, ƙwas, ƙwas, tana hawowa. Na jawo ku bayana kamar hakan zai ɓoye ku. Ummu Faisal ta ɓullo tana haki, ta dafa ƙofa, ta dube ku, ta dubi tamfol, ta ɗaga hannu sama.

Ta ce, "Alhamdu lillah! Ashe suna da rai!"

Na fara ba ta haƙuri da guntun Larabcina, ina cewa ba za a sake ba.

Ta ce, "Haƙurin me, ya binti? Shekara uku yara biyu a saman kaina, ko takun kyanwa ban ji ba. Har mai gadi na tambaya ko ciwo ne da su. Yau na ji dariya tana gangarowa ta matakala, na ce sai na gani da idona. Haram alaiki, me kika yi musu?"

Na ce takardunmu ne.

Ta ce, "Tun watan farko na sani, duk benen nan an sani. Wa zan gaya wa? In samu me?"

Ana haka kika saki zanena, don jifarki ce, kika faɗa gidan langa, yayanki ya yi ihu, "Langa!" Tsohuwar nan ta juya da sauri. Ta maimaita kalmar sau biyu a hankali. Sai ta dafa ƙirji ta ce da wata karyayyiyar Hausa, "Kaka tawa, Hausa. Sannu, sannu." Ashe kakarta da jirgin ruwa ta sauka a tashar Jidda ta zo aikin hajji, ba ta koma ba. Matar da na yi shekara uku ina kulle 'ya'yana saboda ita, jininmu ce, kuma rashin murmushinta ciwon gwiwa ne da hawan bene. Na rasa inda zan sa kaina don kunya.

Saboda haka, makon farko, kafin ki gama kwance kwalaye, ki dafa abu mai kyau ki sauka ki ƙwanƙwasa ƙofar wanda ke ƙasanku. Ki ce, ina da yarinya mai gudu, wane lokaci kuke barci in kiyaye muku? In mutanen kirki ne kin huta. In masu ƙorafi ne kin san awannin da za ki kauce wa, sauran yinin na Takwara ne. Kwano ɗaya na abinci da na kai ƙasa a shekarar farko, da duk wannan bai faru ba.

Daga ranar Ummu Faisal ta zama mai jefa mana kwali. Bayan mako guda ta ce likita ya daɗe yana ce mata ta yi tafiya saboda sukari, ta shiga da sandarta, gida ɗaya taku ɗaya, ku kuna yi mata aikin gidan da ta faɗa. Ita ce ta tona kuskurena na ƙarshe. Duk wannan lokaci ni a kan kujera nake, ni ce alƙali, ni ce mai cewa an taka layi. Ta dube ni ta ce, "Ni mai shekara saba'in ina ciki, ke sarauniyar ina ce? Yalla, sauko." Na ɗaure zane na shiga. Jifata ta uku na faɗa gida na goma sha bakwai.

Kuka yi ta tsalle kuna ihu, "Ummi ta shiga gidanta!" Na zauna a kan baƙin fentin nan, ba motsi ba magana, kuna wucewa ta gabana da gudu, tsohuwa ma tana wuce ni. Jifa biyu ne kawai, bai fi a tafasa shayi ba, amma na ji kamar ba zai ƙare ba. A nan zaune na auna shekara uku a jikin 'yar ƙaramar yarinya. Da lokacin tashina ya yi kika zo kika kama hannuna kika ce, "Halas Ummi, tashi, an yafe miki." Dokar wasa kike nufi. Ni na riƙe ta a wani matsayin daban har yau, ko da yake na san ba ki san abin da kike yafewa ba. Yanzu kin sani, ina neman ta gaskiyar.

Kada ki zama alƙali a kan kujera. Ki shiga, ki faɗi, ta yi miki dariya, ta cinye ki da gaske. Gwiwoyin nan nawa da kike saya wa man shafawa, rabin ciwonsu na zaman da na yi ne ina gadin zamanku.

Da wata shida ya cika muka koma. Likitar ta sa hoto kusa da hoto, ta sa kika yi tafiya zuwa bango, ke kuwa kika tafi da langa kika dawo da tsallen kwaɗo. Ta yi dariya har da cire tabarau, ta ce ba takalmin ƙarfe, a ci gaba da abin da ake yi. A bakin ƙofar asibitin na zauna a dakali ina ta hamdala. Ƙafarki ta dama ta miƙe sarai, ta hagu ta bar ɗan abin da ta bari, wanda in ba ni ba ba kowa ke lura ba. Shekarar da ta biyo babanku ya samu sabon kafili, kuka shiga makaranta, tamfol ya koma ɗakin ajiya na sama, sai ranakun Juma'a.

Yanzu ga abin da ya kwantar min da hankali. Tun Talata nake juya yadda zan yi miki maganar nan. Jiya da hantsi ina kicin sai na ji dum, dum, dum a saman kaina. Na kashe wuta na kama matakala, ina hawa ina hutawa kamar Ummu Faisal, Allah Ya yi mata rahama. Na tarar kin fito da tamfol kin share shi, kin yi sabon kwali, kin tattare abaya kina langa da ƙafar hagun nan, uwa guda da ke. Da kika gan ni kika sauke ƙafa kika ce, "Ummi, ranar Talata na ji muryarki ta fito daga bakina. Wallahi ni ma na tsorata."

Ana haka Takwara ta jefa kwali, ta tsallaka biyu, ta dira a baƙin gida. Na ga ta fara naɗe ƙafa, don da ganinsa ta san na hukunci ne. Kika ce, "La, la, habibti, tashi. Wannan gidan Haboba ne. Wanda ya faɗa nan, da gudu yake zuwa ya taɓa kakarsa ya dawo." Ta kwaso a guje ta yi karo da gwiwoyina masu ciwo, saura kaɗan mu zube tare. Ban taɓa jin daɗin ciwo irin na jiya ba.

Na ga kuma kin naɗe tamfol ɗin kin ɗaure shi da kayanki ba tare da kin tambayi mai shi ba. Babanki ya ce in gaya miki sata ce, amma ya yafe, har ya sa miki ragowar fenti a leda. Kada ki goge baƙin gidan. Ki bar shi da launinsa da sabuwar dokarsa. Tunda Haboba tana Jidda, ke za ta riƙa zuwa ta taɓa.

Allah Ya yi miki albarka, Ya rufa miki asiri duniya da lahira, Ya ba ku zaman lafiya ke da maigidanki, Ya buɗa masa a sabon aikinsa. Allah Ya raya Takwara, Ya ƙarfafa ƙashinta, Ya tsare ta daga sharrin mutum da aljan, da kuma tsoron uwa irin nawa. Ku yi addu'ar tafiya kafin mota ta tashi, ku tsaya ku yi salla a kan lokaci, in kun isa ki kira ni ko da minti ɗaya ne. Na ba ku amana ga Allah wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Ki ba maƙwabciyarki ta ƙasa lambata. Ranar da ta kira ni tana ƙorafin cewa jikata ta hana ta sakat da gudu, ranar zan dafa shinkafa in raba wa duk benen nan.

Mahaifiyarki,
Ummi